Kuɗin da Suka Daina Ci

 

Yau maganata a kan kuɗin da suka daina ci ce. Ina nufin tsofaffin sulalla, namu na da da kuma na ƙasashen waje, waɗanda ke kwance a gindin adakar iyayenmu mata, ko a gwangwanin mai koli, ko a buhun 'yan gwangwan suna jiran a ɗora su a sikeli. A Turai da Amurka akwai mutanen da ba su da abin sha'awa ranar hutu kamar su shiga kasuwar gwanjo, su tsuguna gaban kwanon tsaba suna tono, su sayi kwabon wata ƙasa da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, su je gida su adana. Mu a nan ba mu da rumfar da aka ware don wannan. Amma kayan suna nan a hannunmu, kuma kullum raguwa suke yi.

In ka shiga kasuwar Sara ko ta Babaldu, ko ta cikin garin Birnin Kudu, kada ka tsaya wajen masu sababbin kaya. Nemi dattijon nan mai shimfiɗa a ƙasa, mai tsakiya da kwalli da zobba da tsofaffin makullai. Ba kullum ake dacewa ba, amma in ka yi haƙuri ka tambaya, wata rana zai jawo maka ɗan gwangwani ko ƙullin tsumma. Ka ce, "Baba, nawa za ka sallama waɗannan?" Sau da yawa amsar ita ce, "Ɗana, ai waɗannan ba sa ci. Ba da abin da ya sawwaƙa." Shi a wurinsa ƙarfe ne da ya rasa aiki. To, bari mu juye ƙullin nan a tafin hannu mu duba da kyau.

Abin da za ka fara cin karo da shi, galibi, kwabo ne mai huji a tsakiya. Fari ne, ya dushe, gefensa ya yi santsi don yawan hannun da ya bi. Juya shi. A fuska ɗaya tauraro ne mai tsini shida, ramin yana tsakiyarsa, shekara tana ƙasa. A ɗaya fuskar akwai kambun sarauta da sunan Sarkin Ingila da boko, sannan a ƙarƙashin hujin ga rubutun Larabci da ke faɗin darajar kuɗin. Turawan mulki sun san cewa mutanen ƙasar nan da harafin allo suke karatu, shi ya sa suka buga shi da rubutun da almajiri zai iya ganewa. Hujin kuma don a zura igiya a ɗaura ne, kamar yadda aka saba shirya wuri. An fara buga irinsu a 1907, kwabo da anini, kuma na farkon suna ɗauke da sunan Nijeriya, shekara 7 kafin a haɗe Arewa da Kudu a 1914. Aninin farko da alminiyam aka yi shi, yana cikin kuɗaɗen alminiyam na farko da aka kashe a duniya, sai dai bai jure gumi da damina ba, ya riƙa zagwanyewa, don haka a 1908 aka sauya masa ƙarfe.

Duba shekarar da kyau. In ka ga 1936, karanta sunan sarkin. Akwai wani Sarkin Ingila, Edward na Takwas, wanda ya hau a farkon wannan shekara ya yi murabus a watan Disamba saboda matar da ya nace sai ya aura. A Ingila kanta ba a kai ga sakin kuɗi da sunansa a kasuwa ba. Amma kwabo da ɗari da anini na Afirka ta Yamma, da yake babu hoton fuska a jikinsu, an buga su da sunansa an aiko, kakanninmu suka sayi ƙosai da su. Ba su da tsada ko a yau, domin an buga su da yawa. Amma ka ga yadda ɗan ƙarfe a hannun mai koli a Gwaram ya riƙe labarin rikicin fadar Landan.

Kafin zuwan kwabo, wuri ne kuɗin ƙasar Hausa, kuma shi ma baƙo ne. Daga tsibiran Maldib na tekun Indiya aka riƙa kwaso mafi kyawunsa, ya ratso teku da hamada kafin ya iso kasuwanninmu. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya iso Kano a 1851, ya tarar ana canjin wuri 2,500 a kan babban kuɗin azurfa guda. Keso ɗaya wuri 20,000 ne, kaya sosai a ka, amma darajarsa azurfa 8 kacal. A 1904 Turawa suka hana shigo da wuri, daga nan ya fara mutuwa a hankali, ya koma kayan ado da na masu magani.

Wannan babban kuɗin azurfa da na ambata shi ne tsofaffi ke kira liyari. Wanda aka fi sani shi ne mai hoton wata sarauniyar Ostiriya, Mariya Tereza, mace mai jiki da lulluɓi a kai, bayansa kuma gaggafa mai kai biyu. Nauyinsa kusan giram 28. Sarauniyar ta rasu a 1780, amma 'yan kasuwar ƙasashen Larabawa da Habasha da Barno sun amince da wannan kuɗi har ba sa karɓar wanda aka sauya masa kama, saboda haka aka ci gaba da buga shi da shekarar 1780 ɗin nan, a Biyana da Landan da Faris da Roma har da Bombai. Don haka in ka ga 1780 a jikin liyarin kakarka, ba lalle ya shekara 200 ba. Yana iya zama sa'an mahaifinka ne. Azurfarsa dai tana nan in na gaske ne.

Yaranmu na yanzu suna cewa "ba ni da ko sisi", "bai ba ni ko anini ba", amma kaɗan ne cikinsu suka taɓa riƙe abin. Anini 10 ne kwabo. Ɗari rabin kwabo. Taro kwabo 3, sisi kwabo 6, sule kwabo 12, fataka sule 2, fam kuwa sule 20. Da Babban Bankin Nijeriya ya fara aiki a 1959, ya fitar da sulallanmu na kanmu, kuma ina so manoma su ji abin da aka zana a kai: auduga a taro, koko a sisi, ganyen kwakwar manja a sule, gyaɗa a fataka. Da aka koma naira ranar 1 ga Janairun 1973, fam ɗaya ya zama naira 2, sule ya zama sabon kwabo 10. A jikin kwabo 25 aka sa dalar gyaɗa, a jikin kwabo ɗaya kuma aka sa rijiyoyin mai. Jera waɗannan a tabarma gaban ɗan firamare, za ka nuna masa abin da ƙasar nan take taƙama da shi jiya da abin da ta koma dogaro da shi, ba tare da ka buɗe littafi ba.

Amma inda zuciyata ta fi karkata shi ne baƙin kuɗin, na ƙasashen da ba namu ba. Domin kowane ɗaya cikinsu, wani ne ya je ya dawo da shi a aljihu.

Tsohuwar hanyar Kano zuwa Maiduguri ta cikin Birnin Kudu ta ratsa, kuma ita ce hanyar gabas. Kafin jirgin sama ya zama ruwan dare, alhazanmu ta ƙasa suke tafiya, wasu a ƙafa, wasu a jaki, daga baya a bayan akori-kura. A bi ta Barno, a shiga Fotlami wadda yanzu ake kira Injamena, a wuce Abeshe, a faɗa Darfur, a ratsa Sudan har bakin Bahar Maliya, sannan a tsallaka Jidda. Tafiyar shekaru ce. Guzuri yakan ƙare a hanya, sai mutum ya tsaya ya yi ƙodago a gonakin auduga na Jazira, ya tara abin da zai ƙara gaba. Wasu ba su dawo ba, zuriyarsu na can har yau, a garuruwa irin su Mai Wurno da ke bakin kogin Nilu, garin da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. Waɗanda Allah ya dawo da su kuwa, sukan zo da dabino da zamzam da tasbaha, da kuma ragowar canji. In ka ga kuɗi da rubutun Larabci da hoton mutum a kan raƙumi yana sauri, girshin Sudan ne, irin wanda suka fara bugawa da samun 'yancinsu a 1956, mahayin kuma ɗan kai wasiƙa ne. In ka ga bishiyar dabino da takubba biyu a gicciye, na Saudiyya ne, girshi ko halala, kuma shekarar da ke jikinsa ta Hijira ce. Sa ɗan islamiyya ya karanta maka lambobin, ku lissafa tare, wataƙila ku gano shekarun da Alhaji ya sauke farali.

Akwai kuma wasu masu ban mamaki, wani mai kusurwa huɗu, wani gefensa lanƙwashe-lanƙwashe, da hoton Sarki Joji na Shida da rubuce-rubuce iri-iri. Anna ce ta Indiya. Irinsu sukan fito ne daga akwatin tsofaffin sojan Boma, samarin da aka ɗiba daga garuruwan Arewa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, aka sa su a Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, suka bi ta Indiya suka shiga dazukan ƙasar Boma. Yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya ji ƙansu. A gidaje da dama, lambar girma ta ɓata, takardar sallama gara ta cinye, wannan ɗan kuɗin ne kaɗai ya rage.

Na Gana kuma, fesuwa da sidi, sun biyo fataken goro ne da masu zaman Kumasi, musamman waɗanda suka dawo gida da gaggawa bayan gwamnatin Busiya ta kori baƙi a 1969. Wasu sulallan sidi ma hoton wuri ne a jikinsu. Sefa kuwa ba baƙuwa ba ce a Jigawa, tana shigowa kowane mako ta hannun dillalan dabbobi na Maigatari. Ta Nijar tana da alamar wani kifi mai baki kamar zarto, wanda aka kwaikwayo daga ma'aunin zinaren mutanen Akan. Ta Cadi da Kamaru, tsofaffin, kawuna uku ne na wata dabbar dawa mai kama da gwanki. 'Yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram har yau da dala suke lissafi, tamma biyar dala ɗaya.

To ina waɗannan kaya suke tafiya? Hanya biyu ce ke cinye su.

Ta farko wuta ce. Tsohuwa ta rasu, an buɗe adaka don rabon gado, an fitar da zannuwa da tasoshi, sai a ga ƙullin tsaba a can ƙasa. Wani ya ce, "Ai tarkace ne, ba wa yara su yi wasa." Bayan kwana biyu yaro ya kai wa ɗan gwangwan, an haɗa da fasasshiyar tukunya da wayar wuta an auna, an ba shi kuɗin alewa. Masu azurfa a jiki kuwa, wato liyari da sulallan da aka buga daga 1913 zuwa wajen 1920, wurin maƙerin fari suke ƙarewa. Na tsaya na ga yadda ake yi: a jefa sule a 'yar tukunyar narki, a hura zugazugi, bishiyar kwakwar da ke jikinsa ta fara lumshewa, shekarar ta shafe, kafin ka ce kwabo ya zama ɗigon ruwa mai sheƙi. Zobe zai fito, kyakkyawa kuwa. Ba na zargin maƙeri, sana'arsa ce ta gado, kuma da irin wannan azurfa aka ƙera awarwaron iyayenmu. Matan Fulani ma da suke huda sulalla su jera a kitso ko a wuya, ni a ganina sun fi kowa adana su, domin ko an huda, rubutun yana nan. Abin da nake roƙo shi ne kafin a kai wuta, a tsaya a duba, a ware guda ɗaya daga kowane iri. Wani abu kuma da ya kamata a sani: sulallan da aka fitar a 2007, kwabo 50 da naira 1 da naira 2, har yanzu kuɗin ƙasa ne a hukumance ko da mai shago ba ya karɓa, kuma sashe na 21 na dokar Babban Banki ta 2007 ya tanadi ɗaurin da bai gaza wata 6 ba, ko tarar da ba ta gaza naira 50,000 ba, ko duka biyun, ga wanda ya lalata su.

Hanya ta biyu ta fi ɓata mini rai, ita ce ta kwaɗayi. Lokaci-lokaci sai jita-jita ta tashi, a majalisa ko a WhatsApp, wai akwai wani kwabo mai huji na shekara kaza da Turawa ke nema da miliyoyi, wai akwai wani sinadari a cikinsa. Haka aka yi da tsohon dutsen guga, haka aka yi da tsohon keken ɗinki. Yadda 'yan damfara ke shirya abin ba ya sauyawa. Ɗaya zai zo maka a matsayin mai saye, da manyan kaya da ƙamshin turare, ya ce ko nawa ne zai biya in ka samo masa. Kwana kaɗan wani ya ɓullo a matsayin baƙauye da ya tsinci irinsa a gona, yana neman kuɗin magani. Kai kuma ka sayar da tunkiya ko buhun riɗi ka saya, kana lissafin riba. Ka kira mai sayen, waya a kashe. Jama'a, babu wani sinadari a cikin kwabo. Tagulla ce da wani farin ƙarfe, kuma miliyoyinsu aka buga a masana'antun Landan da Bamingam. Gaskiya ne a cikin dubbai akan sami ɗaya da masana ke nema saboda ƙarancin wanda aka buga a wata shekara, amma ba a gane shi ta bakin baƙon da ya tare ka a tasha. Duk wanda ya shiga wannan harka don ya yi kuɗi, zai yi asara, kuma zai sa mai koli ya ɓoye gwangwaninsa yana zaton ya taka arziki, yaro mai son sani ya rasa abin saye.

Ga matashin da abin ya ba shi sha'awa, ba ya buƙatar jari. Ka fara daga gida. Je ka gaida kakarka, ka ce, "Iya, ko akwai kuɗin da a adakarki?" In ta fito da su, kada ka yi saurin zubawa a aljihu. Zauna ka tambaye ta wa ya kawo, daga ina, tana da 'ya'ya nawa a lokacin. Rubuta abin da ta faɗa a 'yar takarda, ka naɗe kuɗin a ciki, kowanne da tasa. Kwabon da ba a san wanda ya kawo shi ba, ko'ina ana samunsa. Wanda aka rubuta cewa kakanka ne ya dawo da shi daga gabas bayan shekara da shekaru a hanya, babu irinsa a wata kasuwa. In kuwa mai kayan ta rasu, ka tuna cewa dukiyar magada ce, musamman mai azurfa. A yi masa kuɗi a cikin gado, ko ka nemi yardar kowa, kada sha'awa ta sa ka ci haƙƙin marayu.

Kada ka goge su da toka ko yashi ko lemon tsami don su yi ƙyalli, wannan yana cinye rubutun. Ruwa da ɗan sabulu sun isa, ka shanya su bushe sarai, ka ajiye inda damshi ba ya kaiwa. A kasuwa kuma ka yi ciniki na mutunci. In ka gane cewa abin da dattijo ya miƙo maka azurfa ne shi bai sani ba, gaya masa, ka biya shi daidai. Gobe shi zai ajiye maka wani. Ka yi hattara da liyarin jabu, suna da yawa: na gaske yana da nauyi a hannu, yana da rubutu a kewayen bakinsa, in ka ɗan buga shi kuma ƙararsa tana daɗewa. In kana shakka, kai wa maƙerin da ka yarda da shi ya duba, ka ce masa dubawa kawai ka zo.

Kira na kuma ga malaman makaranta ne. Garin Birnin Kudu ba baƙon tarihi ba ne. Zanen shanun da ke Dutsen Habude da Dutsen Mesa ya jawo masana tun shekarun 1950, kuma hukumar gidajen tarihi ta ƙasa tana kula da wurin. Kwalejin Gwamnati ta garin ta yaye manyan mutane, cikinsu har da Aliko Ɗangote. Babban Banki yana da gidan tarihin kuɗi a Abuja, Kano tana da Gidan Makama, amma ɗan Basirka ko Fagam ko Sundimina yaushe zai je can? Abin da za a iya yi a nan ba shi da wuya. Malamin tarihi ko na lissafi ya ce kowane ɗalibi ya nemi izinin gida ya kawo tsohon kuɗi ɗaya da labarinsa. Kafinta ya haɗa ɗan akwati mai gilashi da kwaɗo. A manna taswira a bango, a ja zare daga kowane kuɗi zuwa ƙasarsa. Wanda iyayensa ba su yarda a bar nasu a makaranta ba, a ɗora takarda a kai a goga fensir, siffar za ta fito, a mayar musu da abinsu. Hakimai da dagatai su ma suna iya sa baki, domin a gidajen sarauta da na tsofaffin fatake ne aka fi samun irin waɗannan kaya, kuma kalma ɗaya daga bakinsu za ta sa a daina miƙa wa sikeli.

Wanda yake da wani tsohon kuɗi da ya kasa gane ƙasarsa, ya kai wa malamin makarantar da ke kusa da shi, ko ya aiko mana da hotonsa fuska biyu, mu duba tare a wani shirin. A nan za mu dakata.